Rishon indakshan ɗina yana wasu irin ƙararraki in ina girki, lafiya kuwa?

Maman_Biyu

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, dan Allah masu amfani da rishon lantarkin nan mai gilashi a sama wanda ake cewa indakshan ku zo ku cire ni daga duhu. Maigidan ne ya siyo min mai kai ɗaya tunda gas ya zama abin da ya zama, kuma layinmu Alhamdulillah ana ɗan samun wuta, a jikin kwalin an rubuta 2000W. Wajen sauri kam ba ni da ta cewa, ruwan shayi kafin in gama yanka wa yara biredi ya tafasa. Ƙara ce matsalata, kuma ba ma kala ɗaya ba ce shi ya sa abin ya tsaya min a rai.

Da na kunna sai in ji huuuu daga ƙasansa, wannan na ɗauka fanka ce, to amma ko na kashe ba ta tsayawa sai ta ɗan jima tana yi ita kaɗai. Sannan in na ɗora babbar tukunyar cikin set ɗina na kayan ɗaki na kai shi ƙarshen lamba, sai ya kama zzzzzz kamar an taɓo gidan zuma, har murfin yana karkarwa, in na dafa hannun tukunyar ina jin abin a tafin hannuna. In kuma na rage shi can ƙasa dan miyar kuka ta dahu a hankali sai ya koma ƙyas... ƙyas... miyar ta taso ta kwanta ta taso ta kwanta. Ƴata kuma babbar duk sanda na kunna sai ta toshe kunne wai tana jin wani tsiiiii yana shiga mata kai, ni wallahi ba na jin wannan ɗin sam, har faɗa na yi mata na ce gudun aiki ne. Da daddare kuma zzz ɗin ya fi kauri, wani lokacin ma ya yi tit tit tit ya ɗauke da kansa ana tsaka da girki.

Hajiyarmu da ta zo ta ji ta ce in fitar da shi tun kafin ya fashe mana a gida. Ni kuma ga shi na riga na saba da shi. Haka yake yi wa kowa ko nawa ne aka haɗo mu da mai matsala?

Uwargida_Zazzau

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Kwantar da hankalinki ƴar uwa, nawa ma haka yake, fankar nan in ma ba ki ji ta ba shi ne za ki damu. Zzz ɗin kuma ki gwada canza tukunya ki gani, ni akwai wata nonsitik mara nauyi da nake da ita in na ɗora ta har falo ana jinta, amma in na sa wata baƙar tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya da mamata ta ba ni shiru kake ji sai tafasar ruwa. Ki gaida Hajiya ki ce mata ba gas ba ne a ciki balle ya tashi da gida.

MaiGyara_SabonGari

Hajiya Maman Biyu sannu da aiki. Ni gyaran kayan wuta nake yi kuma irin rishon nan yanzu ba satin da ba a kawo min, yawanci kuma in na buɗe ba abin da ya same shi, tsoron ƙara ne kawai ya sa aka ɗauko shi. Bari in miki bayani yadda na san shi.

Shi wannan rishon ba ya yin zafi da kansa irin hotfilet ɗin da muka sani mai ƙarfe yana ja. A ƙarƙashin gilashin wayar tagulla ce aka naɗe ta zagaye zagaye, in wuta ta bi ta cikinta sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa da sauri sosai, shi ne yake shiga gindin tukunyar ya sa ƙarfen tukunyar ya yi zafi. Ma'ana tukunyarki ita ma tana cikin injin. To abin da yake shiga ƙarfe yana ja yana saki haka ai dole ƙarfen ya yi rawa, rawar nan ita ce zzz ɗin da kike ji, kuma daga tukunya take fitowa ba daga rishon ba. Shi ya sa da kika dafa hannunta kika ji a jikinki.

Tukwanen set ɗin nan na amare yawancinsu in kika kifa su za ki ga gindin ba abu ɗaya ba ne, jikin dalma ne ko silba mai sirara sai aka manna masa wani faifan ƙarfe a ƙasa, wani ma mai huji huji, dan maganaɗisu ya samu abin kamawa. To hawa biyu ko uku ɗin nan da aka matse wuri ɗaya kowanne da yadda yake motsi in ya ji wuta, sai su riƙa gogar juna, in mannin ya fara saki kuwa ƙarar sai ta ninka. Ga kuma kusoshin hannu in sun yi sako-sako, ga murfin gilashi mai bakin ƙarfe, duk suna ƙara nasu. Ki yi wannan gwajin: ruwa rabin tukunya, ki kai shi ƙarshe, in ya fara sai ki cire murfin ki ji, sannan ki sa tsumma ki danne hannayen biyu ki ji, sannan ki rage lamba biyu ki ji. In kowanne kika yi sautin yana canzawa to magana ta ƙare, tukunya ce.

Ƙyas ƙyas ɗin ƙaramar wuta kuma, ƙananan nan masu kai ɗaya yawancinsu ba su iya rage wuta ta zauna ƙasa ɗin da gaske, abin da suke yi shi ne su ba da wuta na ƴan daƙiƙu su ɗauke na ƴan daƙiƙu, a haka a haka, shi ne kika ga miyarki tana tasowa tana kwanciya. Haka aka ƙera shi. Sai dai miyar kuka da ta kuɓewa ki riƙa juyawa dan lokacin da ya ba da wutar da ƙarfi yake bayarwa, tukunya mara kauri sai ta kama a tsakiya daidai zagayen wayar nan.

Fanka kuma ita ce ran abin. Akwai wasu ƙananan kaya a kan allon ciki da suke yin zafi sosai, su take hurawa, kuma bayan kin kashe tana ci gaba ne dan ta gama sanyaya su. Kar ki zare fulogi sai ta tsaya da kanta. Mata da yawa suna kashewa su zare nan take dan tsoron wuta, kuma ba kyau. Sannan dan Allah kar a ajiye shi a kan darduma ko leda ko tsumma, na san da yawa a ƙasa ake girki, to a samu katako ko tayil a ɗora shi, dan ta ƙasa yake shaƙar iska. Wanda aka kawo min kwanan nan da na kwance shi ramukan iskar duk sun toshe da ƙurar hunturu da maiƙo sun zama wani baƙin danƙo, ga kyankyasai sun yi gida a gefen fankar dan suna son ɗumin wurin, fiffiken fankar yana dukan gawar ɗaya yana ƙar-ƙar-ƙar, matar ta rantse injin ne ya lalace. Burushi kawai na sa masa.

Waɗanda za ki ji ki kashe nan take su ne: tsar-tsar ko fas-fas daga wajen soket ko waya, warin roba tana ƙonewa, fanka tana gurnani ko ta yi shiru gaba ɗaya alhali ana girki, ko ki ga tsaga a gilashin komai ƙanƙantarta, dan in miya ta zube ta bi tsagar nan kai tsaye kan wuta za ta sauka. Kuma kar maigida ya ce zai kwance ya duba da kansa, akwai abin da yake riƙe caji a ciki ko an zare shi daga bango.

Baban_Walid_Katsina

Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba wallahi. Abin da sai ka zaɓar masa tukunya, ka zaɓar masa wurin zama, ka jira fanka ta gama hutawa, wannan ai miji ne na biyu. Na siyo wa madam irinsa, tukwanenmu na dalma na gida da ake zubawa a kasuwa ko ɗaya bai karɓa ba, tit tit kawai yake yi yana nuna E0, sai da aka ce wai sai mun siyo wasu tukwanen daban. Kuma ku gaya min tsakani da Allah wa zai tuƙa tuwon gida mai mutum goma a kan gilashi? Da ka sa muciya tukunya na zamewa, da ta ɗan ɗaga ya fara kuka. Ga kuɗin wuta, 2000W in ka yi awa ɗaya a ƙarshen lamba yunit biyu kenan, mu da aka sa a Band A, rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, tun da aka kai yunit naira 225 a watan Afrilun 2024 ai sai da muka koma lissafin har fitila. Gawayi da gas sun ishe mu.

Uwargida_Zazzau

Baban Walid ai ba wanda yake awa ɗaya a ƙarshen lamba, in ya tafasa ragewa ake yi. Kuma ba a ce a tuƙa tuwon suna a kai ba, shayi ne da taliya da miya da ɗumame. Tuwo kam ni ma a gas nake yi ko in sauke tukunyar ƙasa in tuƙa in mayar ya turara. Maganar tukunyar dalma gaskiyarka ne ba ta yi, amma in za ka kasuwa ka tafi da mayen ƙarfe ko ɗan ƙaramin nan na jikin tsohuwar sifika, duk tukunyar da ya manne wa gindi da ƙarfi za ta yi. Akwai ma wani kalar rishon mai gilashi da yake yin ja a tsakiya in an kunna, shi kowace tukunya yana ɗauka har ta dalma, amma ba indakshan ba ne, masu shago suna haɗa su a suna ɗaya sai ka tambaya da kyau.

Dalibin_Injiniya

Anti Maman Biyu ki ba ƴarki haƙuri, ba gudun aiki ba ne, da gaske take ji. Malam mai gyara ya yi bayanin komai daidai, wannan ɓangaren kawai zan ƙara.

Wutar da ke shigowa gidajenmu a Najeriya tana juyawa sau 50 ne a daƙiƙa ɗaya. Shi rishon sai ya karɓe ta ya mayar da ita mai juyawa sau dubu 20 da wani abu zuwa sama a daƙiƙa, da gangan masu ƙerawa suka kai ta can saboda kunnen ɗan adam iyakarsa wajen dubu 20 ne, abin da ya haura haka ba ma ji. To amma wannan iyakar ta yara ce da matasa, mutum yana girma tana sauka, babba da yawa ko dubu 15 ba ya kaiwa. Kin ga in rishon yana aiki dab da bakin iyakar, ko tukunyar tana fitar da wani siririn sauti a ƙasa da haka kaɗan, yarinya za ta ji ke ba za ki ji ba. Kyanwa da kare ma sun fi mu ji nesa ba kusa ba, in kuna da mage ki lura ko tana barin kicin ɗin in an kunna. Ba cutarwa yake yi ba illa takura, kuma sau da yawa in an canza tukunya ko an matsa lamba ɗaya sama ko ƙasa yana ɓacewa, dan saurin juyawar yana canzawa da lambar da kika sa. Ki sa ta tsaya kusa ta gaya miki a wace lamba ya fi damunta.

Zzz mai kaurin kuma da kowa ke ji, akwai hannun wutar gida a ciki. Ƙananan rishon nan ba sa tace wutar ta zama sumul kafin su yi amfani da ita, ƙarfinta yana hawa yana sauka sau 100 a daƙiƙa wato ninki biyu na 50 ɗin nan, shi tukunya take bi tana rawa, shi ya sa sautin yake kama da na taransifoma in ka tsaya kusa da ita.

Masu mai kai biyu ko huɗu kuma akwai wani fito da suke ji in an kunna biyu a tare. Misali ɗaya yana juyawa dubu 25 ɗayan dubu 28, kowanne shi kaɗai ba a jinsa, amma in sun haɗu bambancin tsakaninsu dubu 3 yana fitowa kuma wannan tsaf kunne yake kama shi. Yayata da ke aure a Jamus irin wanda ake haɗawa a jikin kantar kicin ne da ita mai kai huɗu, ta ce in ta daidaita lambar biyun ko ta raba tukwanen nesa da juna sai ya ragu.

Abu ɗaya da takardun rishon suke gargaɗi a kai shi ne wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, shi ya tambayi likitansa kafin ya riƙa tsayuwa a kansa. In Hajiya ba ta da wannan to ba ruwanta da shi.

Maman_Biyu

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, Malam mai gyara Allah ya ƙara buɗi. Na yi gwajin da rana. Da na cire murfi karkarwar ta tafi amma zzz yana nan, da na danne hannayen ya ragu sosai, ashe kusar hannu ɗaya har juyawa take yi da yatsa. Sai na kifa tukunyar na duba gindin, faifan nan mai huji huji da ka faɗa ta gefe ɗaya ya ɗan ɗago har farcena yana shiga, kuma akwai baƙin maiƙo a ciki. Na aro tukunyar maƙociyata mai kauri na ɗora ruwa iri ɗaya, wallahi kamar ba rishon ba, ɗan huuu na fanka kawai da wani siririn zzz da sai ka kasa kunne. Ƴar tawa ma ta ce da wannan tukunyar ba ta ji sai na kai lamba ta ƙarshe. Dalibi na ba ta haƙurin, har da cewa ai dama ta gaya min.

Saura na daren nan da yake ɗaukewa. Jiya ma ya yi ana kiran isha'i, na duba ya nuna E da wata lamba amma kafin in kira maigidan ta ɓace. Kuma na manta ban faɗa ba, soket ɗin kicin ɗin yana nesa, da ekstenshan nake jawowa, firji ma a jikinsa yake. Maigidan yana tambaya ko a sa masa sitabilaiza, sannan in an ɗauke wuta zai yi a ƙaramin janareta ko a inbatan sola?

MaiGyara_SabonGari

Yauwa Hajiya, ekstenshan ɗin nan shi ya kamata ki fara faɗa tun farko, ya fi duk ƙararrakin da kika lissafa haɗari. Risho mai 2000W a wutar gida mai ƙarfin 230V yana jan kusan amfiya 9 shi kaɗai, wato yawan wutar da ke bi ta waya, fulogin nan mai baki uku iyakarsa 13, kuma yawancin ekstenshan na kasuwa in ka yanka wayar ciki ƴan silin tagulla ne da ba su kai ko rabin abin da aka rubuta a jiki ba, ga firji kuma duk sanda ya tashi sai ya fizgi nasa. Yau in kin yi girki ki kashe ki taɓa kan fulogin da wayar, in kin ji ɗumi sosai ko kika ga bakin soket ɗin ya yi ruwan ƙasa ko robar ta ɗan narke, kar ki sake kunnawa a wurin. A kira mai wayarin ya ja masa soket nasa shi kaɗai a bango da waya mai kauri wadda ake cewa 2.5, ba wani kuɗi ne mai yawa ba.

Ɗaukewar dare kuma ina zargin ƙarfin wuta ne yake sauka. Tsakanin magariba da isha'i kowa ya dawo gida an kunna komai, wutar unguwa sai ta yi ƙasa, ki lura da fankar silin ko ƙwan fitila a lokacin za ki ga sun yi sanyi, sai kuma siririyar wayar ekstenshan ta ƙara cinye wani abu kafin ta iso rishon. Shi kuma yana da iyakar da in wuta ta gaza ta sai ya kashe kansa dan kare allon ciki, tit tit ɗin kenan. Lambobin E ɗin nan kowane kamfani da ma'anar nasa, ki ɗauki hotonta da waya in ta sake fitowa ki duba bayan takardar cikin kwalin akwai jerinsu. A gyara soket tukuna a gani, sau da yawa shi kaɗai yana isa. In bai isa ba sai a zo maganar sitabilaiza, kuma ba ƙaramar nan ta talabijin ko ta firji ba, sai 5000VA, dan in wuta ta yi ƙasa sosai ba ta iya ba da abin da aka rubuta a jikinta.

Ƙaramin janareta mai cin fetur haɗe da baƙin mai ɗin nan ko 1000W bai kai ba, kar ma a gwada. Babba zai ɗauka amma za ki ji injin yana nishi yana saki duk sanda rishon ya yi ƙyas ƙyas ɗinsa a ƙaramar lamba. Inbata kuma sai mai ba da wuta sumul irin ta layi kuma mai ƙarfin da ya haura na rishon da kyau, masu arhar nan wutarsu a karkace take fitowa, zzz ɗin zai ƙaru kuma yana iya ƙona allon. Ga batir, girki ɗaya zai sha miki abin da fitilu da fanka za su kwana a kai, sai dai da tsakar rana in farantan sola suna da yawa.

Tukunyar da gindinta ya ɗago ki mayar da ita kan gas, ba ta gyaruwa, in ruwa ya shiga tsakanin faifan yana tafasa a ciki ya ƙara ɓanɓaro shi. Sauran na set ɗin ki ɗaure kusoshinsu da sukundireba, kuma ki riƙa goge gindin tukunya ya bushe kafin ki ɗora, ruwan da ke makalewa tsakaninta da gilashi shi ma yana tsar-tsar ya tsorata mutum a banza.

Baban_Walid_Katsina

To kun ji ko, yanzu kuma an koma sabon wayarin da sitabilaiza 5000. Malam mai gyara namu yana nan a kwali a saman sif tun bara, in ana siyan na hannu ka yi min magana.